Hayaƙin Shef Sha'aban

Birnin Riyad yana da abubuwan alfahari da yawa. Akwai benayen da in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Akwai jirgin ƙasa mai tafiya ba direba. Akwai tituna masu faɗin gonar gandu. Amma duk wanda ya zagaya waɗannan bai je Al-Sulay ya gai da Shef Sha'aban ba, to, ta tagar mota ya ga Riyad. Wannan magana ba ta da shakka, domin Shef ɗin da bakinsa ya faɗe ta, kuma ba sau ɗaya ba.

Shef Sha'aban ke nan, Sarkin Hayaƙi, Daktan Gawayi, Bututu uban tuƙuƙi. Mutum ne mai cikar zati da tumbi daidai gwargwado, ga gemu da ke shan mai safe da yamma. In yana tafiya sai ka ce jiya aka shimfiɗa masa ƙasar. Hularsa fara ce doguwa mai kumburarren kai, irin ta masu girkin manyan otal, kuma ba ya cire ta sai zai yi alwala. A Funtuwa aka haife shi, ya zo ƙasar nan tun gemun bai san furfura ba. Abu ɗaya ne kawai ya ƙi shiga sahun masu yabonsa, wato katin iƙamarsa na izinin zama a ƙasar, wanda har gobe yake cewa sana'ar mutumin nan tuƙi ce, direban gida. To amma kati roba ne, me ya sani?

Kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki kuma zamansa ke hannunsa, wani tsohon attajiri ne da ake kira Abu Uwais. Gidansa yana Al-Nasiriya, rumbunan ajiyar kayansa suna Al-Sulay. Kullum da safe Sha'aban zai ɗauko shi ya kawo shi, ya yini yana jira a inuwar bango tare da sauran direbobi da masu dako, da yamma ya mai da shi. Waɗanda suka san shi a wancan zamani sun shaida cewa gwanintarsa a girki ba ta wuce dafa indomi da ƙwai ba, shi ma ƙwan wani lokaci da ɓawonsa. Amma manyan mutane ba sa fara nuna kansu da wuri.

Girman ya sauko ne ta hannun Buraima, wani mutumin Maraɗi da ke gadi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Baturen da Buraima ke yi wa gadi ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, ya rasa yadda zai yi da wani injin gashi da ke bayan gida, sai ya ce a ba duk mai so. Buraima ba shi da wurin ajiyewa. Ya kira Sha'aban. Aka ɗoro injin a bayan wata akori-kura da ragowar buhun makamashinsa, aka sauke a bayan rumbun Abu Uwais. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ga wanda bai taɓa gani ba, injin kamar ganga ce aka kwantar a kan ƙafafu huɗu, da bututun hayaƙi a gefe ɗaya, da ɗan rumbu a ɗaya gefen. A rumbun ake zuba wasu 'yan ƙwayoyi da ba su kai gaɓar yatsa ba. Wani ƙarfe mai murɗe yana tura su kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko a ciki, lantarki ya kunna su, fanka ta hura. Aikin mai gashi shi ne ya danna lamba, ya rufe murfi, ya nemi wuri ya zauna. Ƙwayoyin iri biyu ne. Akwai na garin katako masu launin ƙasa, su ne ke ba da hayaƙin da ke kama nama. Akwai baƙaƙe na gawayi, su kuma zafi ne aikinsu, suna ci tas, hayaƙinsu kaɗan ne. Masu abin sukan gauraya su, kuma a gauraye Baturen ya bar su. Iyakar ilmin ke nan. Ana iya koyar da shi kafin shayi ya huce.

Shef Sha'aban bai bi ta wannan gajeriyar hanya ba. Ya duƙufa kallon bidiyon wasu ƙattin Turawa masu baƙar safar hannu suna matsa nama ruwa na zuba. Turancinsu ya fi ƙarfin kunnensa, amma ya kama abin da ya fi muhimmanci, wato yadda ake tsayawa, da yadda ake lumshe ido bayan an ɗanɗana. Ya sayi hula. Ya sayi baƙar safar hannu. Ya sa aka ɗinka masa rigar gaba aka rubuta SHEF da jan zare. Kafin a gasa ko fiffiken kaza, an gama haɗa gwani.

Gwajin farko kaji ne, kuma gaskiya ɗaya ce, sun yi daɗi. Injin ya yi aikinsa, hayaƙi ya tashi shuɗi-shuɗi, naman ya yi ja ya yi ƙamshi. Direbobi da masu dako suka ci suka suɗe yatsu suka yi yabo, domin ba a taɓa jin naman kyauta ya rasa maroƙi ba. Daga ranar inuwar bangon nan ta zama makaranta, Shef kuma ya zama shehinta.

"Ku saurara, 'yan'uwa," in ji shi, yana tsaye hannu ɗaya a kan murfin injin. "Abin da kuke ci a gida kuna kira tsire, ba nama ba ne, ganganci ne. Mutum ya tara itace, ya watsa kananzir, ya tsaya yana fifita da kwali kamar mai jinyar zazzaɓi. Wannan zamani ya wuce. Ni hayaƙina dijital ne. Da lissafi yake fita, da lissafi yake shiga nama. Akwai tamfareca, akwai sistem. Wannan ƙwaya da kuke gani sunanta felet. Ku maimaita."

Ba wanda ya maimaita. Sai Inuwa, wani direban motar ɗaukar kaya, ya ce, "To Shef, ashe dai banda ce. Irin wadda tsofaffinmu ke yi a kan murhu."

An ga gemun Shef ya yi rawa.

"Banda? Ka dubi injin da ya hau jirgi ya ƙetaro teku ka ce banda? Inuwa, ba laifinka ba ne. Wanda ya tashi da kifin Haɗeja a hanci, komai ya shinshina banda zai ce. Allah ya yaye maka."

Sai da aka yi kwanaki bai amsa sallamar Inuwa ba.

Daga nan binciken Dakta ya yi zurfi. Ya zauna ya yi nazarin dalilin da ya sa kajin suka yi daɗi. Ya duba cikin buhu, ya ga baƙaƙen ƙwayoyi sun fi ƙaranci. Ya san kuma a duniyar nan abin da ya yi ƙaranci shi ne mai daraja, kamar zinariya, kamar shi kansa. Ashe ke nan sirrin yana cikin baƙaƙen, masu launin ƙasan nan cikon buhu ne kawai. Da rana tsaka aka gan shi ya baje buhun a kan tabarma, ya sa tabarau, yana tsince baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafar biki. Ya tara masu launin ƙasan a leda ya miƙa wa Buraima.

"Ungo, kai wa zomaye. Injina ba ya cin abincin talakawa. Daga yau sai baƙi zalla, bi-ai-fi."

Buraima ba shi da zomo. Ya zuba su a gindin shukokin gidan da yake gadi, ruwan ban-ruwa ya mai da su dusa. Shef kuwa ya sa aka kawo masa ƙarin buhu na baƙaƙe zalla, ya jingine a ɗakinsa kusa da matashin kai.

Yanzu ga abin da duk wannan hidima ta dosa. Abu Uwais yana da wani shago a bakin titi da ya daɗe a rufe. Shef ya ɗora ido a kansa. A mafarkinsa ya riga ya ga allo mai fitilu, ya ga layin motoci, ya ga kansa a bayan teburi ana ce masa mudir, wato manaja. Kuma fiye da komai ya ga sabon katin iƙama, an goge tuƙi an rubuta girki. Saboda haka kullum daga Al-Nasiriya zuwa Al-Sulay babu abin da tsohon nan ke ji a motarsa sai hayaƙi. In an tsaya a danja, hayaƙi. In an shiga cunkoso, hayaƙi da sharhi. Abu Uwais mutum ne mai kunya da kara, ba ya son yanke wa kowa magana. Amma ko dutse aka dinga ɗiga wa ruwa sai ya yi rami. Wata safiya ya ajiye carbinsa ya ce:

"Ɗayyib, ya Sha'aban. Ranar Juma'a zan ba ka rago. Ka gasa mana a istiraha, wurin hutawarmu, ni da abokaina. In hayaƙin nan naka ya kai yadda kake faɗa, shagon naka ne, kuma a sauya maka sana'a a iƙama. In bai kai ba, halas, magana ta ƙare. Kada in sake jin maganar nama a motar nan."

Wani zai ji wannan magana ya ga tana da kai biyu. Shef ɗaya ya ji. Kafin azahar labari ya kai Funtuwa cewa an ba shi gidan abinci. Ya kira matarsa ta bidiyo da hular a kansa, ya ce ta fara gaya wa dangi kada kowa ya sake cewa mijinta direba ne. Ya bi abokan zamansa na inuwar bango yana raba muƙamai. Ya ce wa Inuwa, duk da abin da ya faru, ƙofar wanke-wanke a buɗe take gare shi, domin shi ba mai riƙo ba ne.

Hansai, wata dattijuwa 'yar Damagaram da ke dafa abinci a gidan Abu Uwais, ta ji labari lokacin da take miƙo masa kwanon darensa ta tagar kicin.

"Ƙanena, ka dai bari a haihu kafin a raɗa suna."

"Yaya Hansai, ke girkinki na tukunya ne. Albasa, tumatir, a juya. Ni kimiyya nake yi."

"To, sannu da kimiyya. Ni dai tun da nake miƙo maka na tukunyar nan ban taɓa ganin kwanon ya dawo da saura ba."

Shef ya juya da kwanonsa. Babba ba ya jayayya da mace, balle bakinsa a cike.

Ranar Juma'a ta zo da sanyin hunturu mai daɗi. Istiraha wani fili ne mai katanga a gefen Al-Sulay, da 'yar ciyawa da tanti babba, irin wuraren da mutanen garin ke zuwa shaƙatawa. Tun da hantsi Shef ya kafa injinsa a tsakar filin inda kowa zai gani. Ya cika rumbun da baƙaƙen ƙwayoyinsa, ya jera manyan yankunan rago, ya danna mafi ƙanƙantar wuta, domin ya ga Turawan bidiyo suna cewa a hankali ake yi. Irin wannan inji, in aka kunna shi, yakan fara da tuƙar farin hayaƙi na ɗan lokaci kafin wuta ta kama sosai. Shef ya ga wannan tuƙa, ya lumshe ido, ya ɗauki hoto. Ya bar Buraima gadi da gargaɗin kada ya kuskura ko numfashinsa ya taɓa injin, shi kuma ya tafi masallaci, daga can ya ɗauko maigida da abokansa.

Baƙin dattawa ne, masu fararen riguna da jajayen rawuna, irin waɗanda ba sa gaggawar komai sai salla. Suka zauna a tanti. Aka zuba gahawa, aka ajiye dabino. Shef ya gyara hula, ya ja safar hannu har ta yi ƙara, ya tsaya a bakin tantin ya buɗe jawabi da Larabcin da ya tsinta a bakin titi.

"Ɗal umrak, Allah ya ja zamaninku, ya ku manyan baƙi. Yau za ku ga hayaƙin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Ba hayaƙin itace ba, ba na kara ba. Gawayi ne da aka niƙa aka tace aka murza shi ƙwaya-ƙwaya a ƙasar Turawa, ni kuma na sake tace shi da hannuna. Wannan hayaƙi yana da ilmi. Yana shiga nama ya gaisa da ɓargo. In ya tashi, masu wucewa a babban titi sai sun tsaya sun tambayi gidan wa ake biki. Ku duba da kyau!"

Ya juya ya nuna bututun da hannu biyu. Dattawa suka duba da kyau. Bututu yana nan tsaye, baƙi, mai tsabta. Iskar da ke samansa tana ɗan rawa saboda zafi. Ban da wannan babu komai.

A cikin baƙin akwai Abu Amir, wani tsoho mai nauyin ji, wanda saboda ba ya jin muryarsa yake zaton kowa ma haka ne.

"Wen duhan?" ya tambaya da ƙarfi. "Ina hayaƙin?"

"Yana zuwa, ya ammi, baffana. Yana shiri ne a ciki."

Shef ya je ya ɗaga murfi ya leƙa. Nama na nan kwance, fari-fari, yana gumi kamar mai jiran likita. Ya rufe. Ya danna lamba. Ya zagaya ta baya ya ɗora kunne a jikin rumbu. Ya dawo ya sake ɗaga murfi. Duk ɗagawa ɗaya zafin da injin ya tara sai ya gudu, nama ya koma inda ya fito. Gawayin kuwa yana aikinsa tsakani da Allah, yana ci tas, ba ya ɓata wa kowa iska. An zaɓe shi don ya yi hayaƙi, shi kuma ba a gaya masa ba.

Aka sake zagayawa da gahawa. Aka kawo shayi. Ƙwallayen dabino suka fara tudu a faranti. Abu Amir ya taso da sandarsa, ya zo ya ɗora tafin hannu a bakin bututun, ya shinshina tafin, ya dubi Abu Uwais.

"Wannan ai injin wanki ne!"

Dattawa suka yi murmushi cikin rawani. Abu Uwais ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Shef ya ja Buraima gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Ledar nan da na ba ka. Masu launin ƙasan nan. Suna ina?"

"Wace leda? Ta zomaye? Ai shuka ta ci abinta tuni, Malam Sha'aban. Ba kai ka ce abincin talakawa na ba?"

Aka kira la'asar. Aka yi salla a kan ciyawa, Shef a ƙarshen sahu, kuma an lura sujadarsa ta fi ta kowa tsawo. Da aka sallame ya waiga. Bututu bai sauya ra'ayi ba. Ya durƙusa ya hura ta ƙasa da bakinsa, ya ɗauko murfin kwali ya shiga fifita, shi da ya ce wannan zamani ya wuce. Tusa dai ba ta hura wuta. A cikin tanti hira ta mutu, ba abin da ake ji sai kukan cikin dattawan da suka bar abincin gidajensu saboda rago.

A nan ne basira ta sauko wa Dakta. Hayaƙi ake nema, ko ba haka ba? To, shi ya san inda hayaƙi yake kwana. A bayan motar maigida akwai wani ɗan akwati da ba ya rabuwa da ita, cike da itacen turaren udu, wanda ɗan guntunsa kan cika ɗaki. Ya zagaya ta bayan tanti, ya buɗe but, ya dumbuzo cikin hannu. Ya ɗebi garwashin ƙwayoyinsa a wani farantin ƙarfe, ya zuba udun a kai, ya tura cikin injin kusa da nama, ya rufe murfi.

Sai ga hayaƙi. Fari, mai kauri, yana murɗawa yana tashi kamar rawanin sarki. Shef ya ɗaga hannu sama. Sai dai iska ba ta karanta shirin ba, ta kwashi hayaƙin ta yi bayan katanga da shi, wajen wani garejin gyaran tireloli. Dattawa a cikin tanti ba su ga komai ba. Abin da aka sha wuya a kansa kuwa ba a bari ya tafi wa makanikai a banza. Shef ya buɗe injin, ya ɗauko farantin da safar hannunsa, ya nufi tanti yana tafe hayaƙi na bin sa.

"Malam Sha'aban, kai! Kada!" in ji Buraima.

"Matsa, gadi aka sa ka."

Ya shiga ya fara daga dama, ya miƙa farantin gaban kowane dattijo, yana cewa, "Shaƙi, ya ammi. Ga duhan. Shaƙi da kyau."

To, mutanen ƙasar nan suna da wata al'ada. In baƙi sun daɗe a zaune, an sha gahawa an sha shayi, sai aka zagayo da turaren wuta, to mai gida ya ce an gode, a sauka lafiya. Har karin magana gare su a kai, cewa bayan udu babu zama. Ƙananan yaransu ma sun san wannan. Shef Sha'aban, wanda ya sha gaya wa sababbin zuwa cewa ya san Larabawa kamar yunwar cikinsa, shekara da shekaru yana sayo udun nan, yana ɗaukar akwatinsa, yana miƙa shi a bakin ƙofar majalisar maigida. Ƙofar ce dai bai taɓa ƙetarewa ba. Ya san ƙamshin, bai san maganar da ƙamshin ke yi ba.

Dattijo na farko ya jawo hayaƙin da hannu zuwa gemunsa, ya buɗe gefen rawaninsa ya turara, ya yi salati, ya miƙe. Na biyu ya yi haka, ya miƙe. Kafin Shef ya kai ƙarshen tanti, na farkon sun fara neman takalmansu. Hayaƙi fid da na kogo.

"A'a! Ina zuwa? Laham maujud! Akwai nama! Ku zauna!"

Abu Uwais ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi.

"Mafi mushkila, ba damuwa, ya Sha'aban. Mun gane. Nama ya ƙi, ka rufa wa kanka asiri, ka sallame mu cikin mutunci. Haka 'ya'yan manya ke yi. Turaren ma mai kyau ne, masha Allah. Irin nawa sak."

Mai hankali zai karɓi wannan mayafi ya lulluɓa. Shef ya yar da shi. Ya ruga wajen injin, ya yanko tsoka daga cinyar rago, ya soko ta a wuƙa, ya tari Abu Amir a bakin ƙofa, ya rantse da Allah sai ya ɗanɗana. Tsohon ya karɓa don rantsuwar. Ya tauna sau ɗaya. Wajen naman ɗaci da ƙamshin ɗakin amarya, cikinsa kuwa ja ne jawur, ko ɗumi bai gama yi ba. Ya zaro hankici ya mayar da abin da ya ɗauka, ya naɗe, ya tambaya da muryar da aka ji har gareji:

"Wannan ci ake yi ko shafawa?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Abu Uwais ya dubi naman, ya dubi farantin udu da ke ci gaba da tuƙa a kan ciyawa, ya dubi but ɗin motarsa da aka bari a buɗe. Bai ɗaga murya ba.

"Halas, ya Sha'aban. Jib sayyara."

Wato a kawo mota. Garin neman gira an rasa ido.

Hular ta ƙi shiga mota. Duk yadda ya sunkuya sai ta tokari rufi, dole ya cire ta ya ajiye a cinya. Dattawa suka cika kujeru. Aka bar Buraima da rago da inji, yana kiran mutanen inuwar bango a waya su zo da tukunya da albasa, ko Allah zai sa tafasa ta fid da turaren.

Abu Uwais ya ce a tsaya a wani gidan mandi da ke kan hanya, inda ake dafa rago da shinkafa a cikin rami. Dattawa suka shiga da saurin da ba a san suna da shi ba. Shef ya gyara fakin a gefen titi, ya zauna a bayan sitiyari, rigar gaba mai jan zare har yanzu a ƙirjinsa. Wayarsa ta yi ta ƙara, Funtuwa ce ke kira a ji yadda buɗe gidan abinci ya kasance. Ya kife ta.

Ana dab da kiran magariba wani ma'aikacin gidan ya fito da ƙunshin abinci a leda, ragowar tiren dattawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi jerin motoci, ya ɗaga murya:

"Wen sawwag Abu Uwais? Ina direban?"

Motoci da yawa ne a wurin, kuma ba wanda ya san fuskar kowa. Sarkin Hayaƙi, Daktan Gawayi, yana iya yin shiru. Amma tun safe bai sa komai a cikinsa ba, kuma ƙamshin ya riga ya iso.

Gilashi ya sauka a hankali. Hannu mai baƙar safa ya fito.

"Na'am. Ga ni nan."